Ba Maganin Ne Ya Gaza Ba, Kwana Ukun Ne Ba Mu Cikawa



Duk wanda ya tashi a Ƙonni ya san abin da Agusta da Satumba ke zuwa da shi. Gero ya fid da kai, tabkuna sun cika, kwarin Magiya ya yi shar, sauro kuma ya samu sarari. Da wuya ka shiga gida uku a jere ba ka tarar da majinyaci kwance ba. Daga Tsarnawa zuwa Malbaza, daga Galmi zuwa Badagishiri da Illela, hira ɗaya ce a fada da wajen mai shayi: wane maganin palu ne ya fi ƙarfi? Wannan ya ce na asibiti ya daina aiki. Wancan ya ce sai wanda ake kawowa daga tsallaken iyaka. Wani ya rantse da Allah in ba allura ba shi ba ya warkewa. Ni ma na daɗe ina cikin wannan gardama, har sai da abin ya shigo gidanmu.

Daminar bara ɗiyar yayata, yarinya ƴar shekara uku, ta kwana da zazzaɓi. Da safe aka kai ta asibiti, aka soki yatsa, gwaji ya nuna palu. Aka ɗora ta a sikeli, aka ba uwar kati mai ƙwaya shida, aka ce kwana uku. Zuwa yammacin rana ta biyu yarinya ta miƙe tana wasa da ƴan uwanta. Bayan kamar kwana goma sha biyu zazzaɓi ya dawo. Yayata ta ce da ni, "Ƙanena, wanga magani na likita ba shi da ƙarhi, ka ga ciwon ya komo." Na tambaye ta ko ta ba da shi duka. Ta ce, "Ai jikin ya yi sanyi tun rana ta biyu, sai munka aje sauran saboda gaba." Ta buɗe kwalla ta ciro katin, ga ƙwaya uku ba a taɓa ba. Kafin na zo har ta aika an sayo wani daban wajen mai tebur. Ƙarshen zance, sai da aka kwantar da yarinyar aka yi mata ƙarin jini. Allah Ya taƙaita, ta tashi.

Ban ga laifin yayata ba, don ni kaina lokacin da nake jami'a a Yamai haka nake yi: in sha kwana biyu, in ji sauƙi, in jefa sauran cikin jaka. Amma ganin yarinyar nan kwance da roba a hannu ya sa na zauna na nemi abin da masu bincike suka gano game da waɗannan magunguna. Shi ne nake so mu duba tare.

Iyayenmu sun san zamanin nibakin, wato kulorokin. Arha ne, ko'ina akwai shi, kuma ya yi aiki shekaru masu yawa. Sai ƙwayar cutar ta saba da shi. Abin ya fara a kudu maso gabashin Asiya da Kudancin Amurka a ƙarshen shekarun 1950, ya iso gabashin Afirka a 1978, daga nan ya mamaye nahiyar. Yara suka riƙa mutuwa alhali sun sha magani. Dalili ke nan da a 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ba da shawarar a koma ga magani mai haɗi biyu, wanda ma'aikatan lafiyarmu ke kira CTA. Nijar ta ɗauki wannan tsari a 2005.

Me ya sa biyu? Ɗaya daga cikinsu dangin atemisinin ne, sinadarin da wata masaniya ƴar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta fitar da ita da abokan aikinta daga wani tsiro dangin tazargade a farkon shekarun 1970, aikin da ya sa aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Atemisinin mai sauri ne, cikin kwana ɗaya ko biyu yake kashe mafi yawan ƙwayoyin cutar da ke cikin jini, shi ya sa zazzaɓi ke sauka da wuri. Amma ba ya daɗewa a jiki, ƴan awoyi ne ya fice. Abokin haɗinsa shi ne mai jinkiri, shi ke zama kwana da kwanaki yana share ragowar. Kamar noma ne: na farko ya yi noman fari, na biyu ya bi da maimai. Wanda ya tsaya a noman fari don ya ga gona ta yi fes, ya san abin da zai tarar bayan mako biyu.

A yankinmu iri uku aka fi sani. Na farko atemeta da lumefantirin, wanda kowa ke kira Coartem ko da wani kamfani ne ya yi shi. A taƙaice AL. Na biyu atesunat da amodiyakin, ASAQ. Na uku dihidro-atemisinin da piperakin, DP, wanda aka fi samu a farmasi. To wanne ya fi?

An gwada su, kuma ba a Turai ba, nan Maraɗi. Tsakanin 2013 da 2014 cibiyar bincike ta Epicentre, wadda ke ƙarƙashin ƙungiyar likitoci ta MSF, ta bi yara sama da 600 ƴan ƙasa da shekara biyar masu palu marar tsanani. Aka raba su kashi uku, kowane kashi da maganinsa, aka ba su daidai nauyinsu a gaban ma'aikaci, aka riƙa duba jininsu har kwana 42. Duk yaron da cutar ta sake bayyana a jininsa, sai a kai jinin ɗakin bincike a gane ko tsoffin ƙwayoyin ne suka farfaɗo, ko kuwa sabon sauro ne ya sake cizonsa. Wannan rarrabewa ita ce zuciyar aikin, don in tsoffin ne, magani ya gaza, in sabo ne kuwa ba laifinsa ba ne. Sakamakon ya fito a mujallar Malaria Journal a 2018: dukkan ukun sun warkar da sama da kashi 95 cikin 100. Ƙa'idar OMS ita ce ƙasa ta canza magani idan ya faɗi ƙasa da kashi 90. Ke nan babu wanda ya kusa faɗuwa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba.

Akwai dai bambanci, amma ba inda muke nemansa ba. Na farko, tsawon kariya. Piperakin na ɗaukar makonni kafin ya bar jiki, lumefantirin kuwa kwanaki ne. Don haka a binciken Maraɗi yaran da suka sha AL su ne suka fi yawan sake kamuwa. Wannan ya bayyana abin da iyaye mata ke gani da idonsu: yaro ya sha Coartem ya warke, bayan wata guda ya sake kwanciya. Sau da yawa ba maganin ne ya gaza ba, ya gama aikinsa ya tafi, sauron da ke ɗakin kuma bai tafi ko'ina ba. A wurin da ke da ruwa kwance kamar kewayen gandun noman rani na Ƙonni, maganin wannan shi ne gidan sauro, ba canza kati ba.

Na biyu, yadda ake sha. AL sau shida ne cikin kwana uku: ka sha yanzu, ka ƙara bayan awa takwas, sannan safe da yamma kwana biyu. Yawan ƙwaya da nauyi yake tafiya. In mai ƙaramin awo ne da aka saba, yaro mai kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya ɗaya kowane sha, 15 zuwa ƙasa da 25 biyu, 25 zuwa ƙasa da 35 uku, daga 35 zuwa sama huɗu. Wato babba ƙwaya 24 zai sha gaba ɗaya. Kuma lumefantirin ba ya shiga jini sosai sai da abu mai maiƙo: nono, madara, kunun gyaɗa, ko mama ga jariri. Wanda ya haɗiye shi da ruwa cikinsa wayam ya rage masa ƙarfi da hannunsa. ASAQ da DP kuwa sau ɗaya ne a rana, kwana uku. Shi DP ma akasin AL ne, ba a son a haɗa shi da abinci mai yawan mai.

Na uku, yadda jiki ke karɓa. Mutane da yawa na kukan amodiyakin yana sa kasala da tashin zuciya, har wasu su bar shi a rana ta biyu. Kukan gaskiya ne, amma mafita ita ce ka gaya wa ma'aikacin lafiya, ba ka yanke wa kanka ba.

Na huɗu ya shafe mu kai tsaye. Kowace damina, daga Yuli zuwa Oktoba, ana bi gida gida ana ba yara ƴan wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafin palu, wanda muke kira CPS. Nijar ta fara shi a 2013. A cikinsa akwai amodiyakin. Shi ya sa OMS ta ce yaron da ke cikin wannan shiri in ya kamu da palu, kada a yi masa magani da abin da ke ɗauke da amodiyakin. Ma'aikacin lafiya ya san wannan. Mai tebur da ke miƙo maka duk abin da hannunsa ya kai bai sani ba, bai kuma tambaya ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Kashi casa'in da wani abu da aka samu a Maraɗi, an same shi ne da magani na gaskiya, bayan gwaji, daidai nauyi, an sha duka. Mu duba nawa daga cikin sharuɗɗan nan huɗu muke cikawa a gida.

Gwaji: tun 2010 OMS ta ce a gwada jini kafin a ba da maganin palu. Ba kowane zazzaɓi ne palu ba. Ciwon huhu, taifot, ciwon kunne, sanƙarau, duk da zafin jiki suke farawa. In ka ba yaro mai ciwon huhu Coartem bai warke ba, za ka ce magani ba ya aiki, alhali ka ɓata kwana ukun da ya fi buƙata. Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: gwajin nan na gaggawa da ake yi da ɗigon jini yana iya ci gaba da nuna palu makonni bayan mutum ya warke. Don haka in zazzaɓi ya dawo, ka faɗa wa ma'aikaci yaushe aka sha magani na ƙarshe da wane iri. In da hali ka tafi da katin.

Ingancin magani: mu mutanen iyaka ne, kaya na shiga suna fita ta Ƙonni dare da rana, arziki ne da muke godiya da shi. Amma ta hanyar da alheri ke bi, mugun kaya ma na bi, kuma ba ƙasa ɗaya ke da laifin ba. A 2017 OMS ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko marar inganci, kuma maganin palu na cikin waɗanda aka fi kamawa. Ko na gaskiyar ma, yawanci an rubuta a jikin kwalinsa a ajiye shi inda zafi bai wuce awo 30 ba. Ku tuna zafin Afrilu a garin nan, sannan ku dubi tiren da ke yini a rana kan kan yaro a tasha.

Nauyi da cikawa: kati ɗaya a raba wa yara biyu. Babba ya sha na yaro don shi ne ya rage a gida. A saya na jaka ɗaya rabi, a ce in an samu kuɗi a cika. Kowannenmu ya taɓa gani, da yawanmu mun taɓa yi.

Na san abin da za a ce, kuma gaskiya ne: ba don ganganci mutane ke yin haka ba. Matar da ke ƙauye bayan Tajaye ko Dogarawa, hanya ta yanke da ruwa, kuɗin kabu-kabu ya fi kuɗin magani, in ta ajiye ƙwaya uku saboda gaba, lissafin talauci ta yi. Tun 2006 dokar ƙasar nan ta ce jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ce. Amma kyauta ba ta da amfani ranar da aka ce magani ya ƙare, je ka saya. Mai tebur bai mamaye kasuwa don ya fi kowa ilimi ba, ya mamaye ta don yana kusa, yana sayar da ƙwaya ɗaiɗai, yana ba da bashi. Duk wanda zai yi wa talaka wa'azi kan cika magani, sai ya haɗa da neman a kawo masa maganin kusa.

Sai dai abin da ke kan layi ya wuce yaro guda. Duk lokacin da aka sha rabin magani, ko jabu mai ɗan ƙaramin sinadari, ƙwayoyin cutar masu rauni su ke mutuwa, masu taurin kai su rage, sauro ya ɗauke su ya kai gidan maƙwabci. Haka aka rasa nibakin. Kuma alamun sun fara bayyana ga atemisinin. An fara ganin ƙwayar cutar da ke jinkirin mutuwa a Kambodiya wajen 2008. Yanzu an tabbatar da irinta a Ruwanda, Yuganda, Eritiriya da Tanzaniya, har a Nuwamban 2022 OMS ta fitar da tsari na musamman don tunkarar matsalar a Afirka. Nan kusa da mu, wani bincike da aka yi a Burkina Faso a 2017 da 2018 ya samu AL ƙasa da kashi 90 a wurare biyu. Masana sun yi gardama kan hanyar da aka bi wajen ƙidayar, amma in gemun ɗan uwanka ya kama wuta, ba ka jiran a gama gardama kafin ka shafa wa naka ruwa. Shekaru goma sun wuce da gwajin Maraɗi, kuma sakamakon jiya ba lamunin gobe ba ne. Shi ya sa OMS ke son kowace ƙasa ta riƙa maimaita irin wannan gwaji duk shekara biyu.

Saboda haka ga abin da muke nema daga hukumomi, cikin girmamawa. Shirin ƙasa na yaƙi da palu, PNLP, da cibiyar bincike ta CERMES su riƙa fitar da sakamakon gwajin magunguna cikin Hausa da sauran harsunanmu, a karanta a gidajen rediyon karkara, kada ya tsaya a rahoton Faransanci da ba mai gani sai ƴan ofis. Gardamar fada ba ta mutuwa sai da hujja. A cika ɗakunan magani na Ƙonni, Malbaza da Illela da kayan gwaji da CTA tun watan Yuni, kafin hanyoyi su yanke, har zuwa ƙananan gidajen lafiya na ƙauye. A ba ma'aikaci lokaci da abokin aiki, don minti biyun da zai yi yana bayyana wa uwa "safe da yamma, da nono, har ya ƙare" sun fi wata allurar amfani. Kuma yaƙi da maganin tebur ya tafi tare da sauƙaƙa na gaskiya, in ba haka ba yau a kore shi gobe ya dawo.

Mu kuma namu ba sai mun jira kowa ba. Mu ne muka yi lakwal, mu ake miƙa wa takardar asibiti a ce karanta mana. In ƙanenka ya yi zazzaɓi, ɗauke shi a babur a gwada shi cikin kwana guda. In an ba da magani, sa ƙararrawa a wayarka don shan awa takwas, shi aka fi mantawa don sau da yawa cikin dare yake faɗowa. In ya yi amai nan take bayan sha, koma ka tambaya, akan maimaita. Ka duba katin a rana ta uku, ka tabbata ba sauran ƙwaya. In mace mai ciki ce, ta faɗa kafin a ba ta komai. In kuma yaro na jijjiga, ko ya kasa sha, ko yana amayar da komai, ko ya yi laushi ba ya gane mutane, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, wannan ya wuce zancen ƙwaya, palu mai tsanani ne, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne. A nan ne allura ke da wurinta. Ga zazzaɓin da mutum ke iya ci yana iya sha, allura ɗaya ta atemeta a bayan shago ba ƙarfi ba ce, rabin magani ne ba abokin haɗi.

Bana ma yarinyar nan ta yi palu. Yayata ta kira ni a rana ta uku da dare, ta ce, "Ƙanena, mun gama, ko guda ba ta rage ba." Maganin bara ne dai aka ba ta, bai canza ba. Yarinya na nan garau.

In kun koma fada aka tayar da gardamar wanne ya fi ƙarfi, ku tambayi mai maganar abu huɗu: an gwada? A ina aka saya? An auna nauyi? An sha duka? In ya amsa e ga duka huɗun kuma ciwon ya dawo, ya koma asibiti ya faɗa, don irin wannan labarin ne ƙasa ke buƙatar ji da wuri.

Allah Ya ba majinyatanmu lafiya, Ya sa mu ga kaka lafiya.